Moreno, Keken da Man Zaitun Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, ni Nicasio nake sanar da rasuwar kekena Moreno. Ya cika ranar Talata a kan gadar ƙarfe ta tsohon layin dogo, muna hanyar zuwa birnin Jaén, inda wani mai gareji ya ce in zo kafin mako ya ƙare ya gwada ni aiki.

Marigayin kakana ne ya saye shi, lokacin jirgin ƙasa na tsayawa a ƙauyenmu. An cire dogon, an shimfiɗa tsakuwa, aka ce ci gaba ne. Yanzu baƙi masu yawon hutu ke bin hanyar a kan kekuna masu batir, cikin wando matsattse, suna ɗaukar itatuwan zaitun hoto kamar ba su taɓa ganin bishiya ba. Moreno bai taɓa shan wuta ba. Da gumina yake tafiya, yana kukansa, ƙiii-ƙyas, ƙiii-ƙyas, ya wuce su a hawa. Ranar da na bar makaranta shi ya ɗauke ni, kuma shi kaɗai ne bai yi mini wa'azi ba.

Wannan kukan ne ya jawo ajalinsa. Kakata Remedios ta ji shi, ta ce, "Ɗan nan, abin nan ƙishi yake ji." A garinmu man zaitun maganin komai ne, daga ciwon kunne har ƙyauren da ke ƙara. Kullum da safe, ina barci, sai ta tsiyaya wa sarƙarsa na tatsar farko. Man ya daskare ya zama danƙo, ya kwashi tsakuwa, ya cinye haƙoran da sarƙar ke hawa. A kan gada sarƙar ta tsinke, ta nannaɗe ƙafar baya, ƙashin bayansa ya karye. Wani mai hutu ya tsaya, ya tambaye ni ko zan ɗan matsa, ina tare masa hoto.

Kaka ta ce, "Ai da ba don man ba, da tuni ya mutu."

Ya bar famfon hura taya guda, da ƙararrawar da ba ta taɓa aiki ba, da ni.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da safe a tsohuwar tashar jirgi, wadda ta koma gidan shan kofi. Kawu Eulogio, mai wurin, zai shafa wa gawar shuɗin fenti, ya ɗora tukunyar furanni a kan sirdi, ya jingine ta a ƙofa don baƙi. Ya ce in na ga dama in zauna in riƙa wanke masa kofuna, "kai ma ka huta da yawo."

Masu ta'aziyya su zo da wuri. Da an ɗora tukunyar zan kama hanyar Jaén da ƙafa. Kaka kuma kada ta kusanci takalmana.