Ranar da Turawa Suka Yi Sowa a Zaman Makoki

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kai dubban Turawa zaman makoki a unguwar Hindawiyya ta Jidda ba, har suka yi tafi da fito a gaban dattawa. Ko yanzu in abin ya faɗo mini ina cikin cin abinci, sai na ajiye cokali na dafe kai.

Bari in fara da cutar da ke damuna, don ku gane yadda aka yi. Ni mai saka rediyo da lasifika ne a motoci, a wani shago a unguwar Waziriyya, nan Jidda. Tun ina yaro a Kaduna nake da ciwon kiɗan rok na Turawan da, masu dogon gashi da jita mai kuka, kuma kawuna ne ya shafa mini shi. Akwai faifai guda na wasu 'yan Ingila, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, da na saurara har na san inda mawaƙin ke jan numfashi. To, maimakon in gode wa Allah in ci gaba da saurare kamar kowa, sai iyayi ya taso mini. Na zauna ni kaɗai a ɗaki na yanke hukunci cewa mutanen nan ba su iya jera waƙoƙinsu ba. (Mutanen da duniya ta sani ke nan fa. Ni kuwa ko a layinmu sai an ce "mai rediyon nan" kafin a gane ni.)

Sai na duƙufa gyara musu aiki. Na nemo waƙoƙin da suka yi a wancan lokaci amma ba su saka a ciki ba, na haɗa da waɗanda aka ɗauka suna wasa a gaban jama'a, faifai ɗaya ya koma biyu a cikin wayata. Waƙar rufewa, mai sanyin nan da ke ƙarewa a hankali, na bar ta a ƙarshen na farko. Wadda ta fi kowacce hauka kuwa, da take ta biyu a asali, na tumɓuke ta na kai ta buɗe faifai na biyu, kuma na zaɓi wadda aka ɗauka a filin wasa, mai farawa da ihun 'yan kallo.

Duk wannan da sauƙi. Inda na ƙure iyayin shi ne wajen shiru. Ni a ganina mai sauraro na gaskiya ba ya tsallakawa daga faifai zuwa faifai kamar mai gudun ruwan sama. Sai ya tashi, ya mayar da na farko cikin kwalinsa, ya goge na biyu, ya ɗora shayi. Don haka na saka shiru mai tsawo a tsakani, wanda zai ishi mutum ya dafa shayin har ya fara kurɓa. Da hannuna na saka, ina murmushi, ina jin babu mai basira irina a Jidda.

A daidai wannan lokaci ina neman auren Hanan. Haifaffiyar Jidda ce, kakanninta ne suka zo aikin hajji daga Katsina suka zauna. Ita ta yarda, mahaifiyarta ta yarda, saura mahaifinta, Ammu Bakur, wanda bai ce e ba, bai ce a'a ba. Dogon dattijo ne mai farin gemu, ba ya dariya sai da dalili, in ka gaishe shi sai ya dube ka tukuna kamar yana auna gaisuwar. Abin da kawai aka gaya masa a kaina shi ne ni yaro ne natsattse, marar hayaniya. Ni ma na riƙe wannan suna da hannu biyu, don ban da shi ba ni da wani abin nunawa.

Ana cikin haka wansa, Ammu Usman, ya rasu. A nan in an yi rasuwa ana jera kujeru a bakin titi, a rataya fitilu, mutane su zo bayan magariba su bi layi suna yi wa 'yan uwan mamaci ta'aziyya, mai karatu yana karatu. Aza suke kiran zaman. Mansur, ɗan marigayin kuma abokina, ya kira ni ya ce lasifikar da suka aro tana shaƙewa.

Na ce, "Halas, Mansur, ka bar wannan a hannuna."

A raina kuwa cewa nake ga damar da Ammu Bakur zai san ina da amfani.

Na ɗauko babbar lasifikar shagonmu, mai taya da hannun ja kamar akwatin tafiya. A hanya na haɗa ta da wayata ta bulutut don in gwada muryarta, kuma me zan gwada da shi in ba faifaina ba? Ina shiga Hindawiyya waƙar rufewa tana ƙarewa. Ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta mutu. Shekara da shekaru kunnena ya san cewa in wannan waƙar ta ƙare, to an gama. Sai na jefa wayar a aljihun jallabiya hankalina kwance. Sam na manta cewa akwai wani gwani da ya ƙara faifai na biyu, kuma gwanin nan ni ne.

Na kafa lasifika kusa da kujerar mai karatu, na jona masa abin magana, na murɗa murya sosai don na ƙarshen titi su ji. Har da yi wa Mansur burga: "Ko wuta ta ɗauke ba ruwanta, tana da batir." Karatu ya fita tas, ba ƙara, ba shaƙewa. Na ga wasu dattawa suna gyaɗa kai. Na shiga layin ta'aziyya ina jin kaina ya yi girma.

Mai karatu ya kai aya ya tsaya don ya sha ruwa. Titi ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar ƙananan kofunan gahawa. Layi ya kawo kaina. Na ɗora hannu a kafaɗar Ammu Bakur, na sunkuyar da kai, na sassauta murya na ce, "Azzamallahu ajrakum, Baba. Allah ya jiƙansa."

Ban rufe baki ba Turawa suka ɓarke da sowa.

Jama'a, ba sowar mutum goma ba, filin wasa ne cike, ana tafi, ana fito, ana ihun murna. Mai karatu ya ƙware da ruwa. Wani tsoho ya miƙe zumbur, kujerarsa ta kife. Kun san abin da na yi? Juyawa na yi a fusace, ina hararar samarin da ke bayana, har na ce da ƙarfi, "Wane marar tarbiyya ne wannan?" Wallahi da bakina na faɗa, hannuna yana kan kafaɗar Ammu Bakur.

Sai mai ganga ya shigo, jita ta biyo shi, mawaƙin ya ƙwalla ƙarar nan da na sani fiye da muryar ƙanwata. Sai a nan na gane daga wayata abin yake fitowa.

Mansur ya taso a guje yana cewa, "Esh hada? Kashe, ya shekh, kashe!" Na zaro waya, yatsana ya jiƙe da gumi, ta ƙi buɗewa. Na danna maɓallin gefe don in rage murya, ashe na ƙarawa nake dannawa. Mansur ya fizge wayar wuta daga soket, lasifika ko gezau ba ta yi ba. (Batir, ai na gaya masa tana da batir.) Maɓallin kashe ta yana baya, ni da nake taɓa shi kullum a shago, ran nan na neme shi na rasa. Mata suka fara leƙowa ta tagogi. Wani dattijo yana ta maimaita "A'uzu billahi" yana toshe kunne da gefen rawaninsa.

Da na ga abin ya fi ƙarfina, sai na kama hannun lasifikar na ja ta da gudu. Ku ɗauki hoton a ranku: ƙato da gemunsa, cikin farar jallabiya, yana gudu tsakanin layukan kujerun makoki, yana jan akwati mai ihu, abin magana yana binsa a ƙasa yana ƙwaramniya. Sai da na sha kwana, bayan wani shagon burodi, sannan Allah ya nuna mini maɓallin. Na tsaya ina haki. Mai burodin ya dube ni ya ce, "Salamat? Lafiya kuwa?"

Ban koma ba. Ina zan kai fuskar? Har aka gama kwanakin makoki ban taka Hindawiyya ba, kuma Hanan ba ta ce mini uffan ba. Na riga na sallama. Na ce shi ke nan, na binne aurena da hannuna, har da makaɗa. Sai ga saƙonta bayan an share makoki: "Baba ya ce ka zo bayan la'asar. Ka zo da wayar."

Na same shi shi kaɗai a falo, ya jingina da matashi. Na durƙusa na fara jero ban haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Kunna abin nan. Daga farko."

Na ce, "Baba, don girman Allah..."

"Yalla, kunna."

Na ɗauka hukunci ne, yana so in ji kunyata da kunnena. Na kunna a hankali, na ƙura wa darduma ido. Waƙar farko ta wuce lafiya. Ta biyu tana farawa ya ɗago kai.

"Wannan ba nan take ba."

Na ce, "Na'am?"

"Wannan a bayan faifai take. A nan, mai haukan nan ce, wadda ka sakar mana a titi. Ina ka kai ta?"

Na buɗe baki na kasa rufewa. Na dubi gemun, na dubi carbin da ke hannunsa, na sake duban gemun.

Ashe suna samari shi da marigayi sun yi aiki a tashar jiragen ruwa, wani Bature ma'aikacin jirgi ya bar musu faifan da garmaho. A ɗakinsu na saman soro suke saurara, su toshe ƙasan ƙofa da tawul don kada mahaifinsu ya ji. Ya ce rabonsa da jin waƙar tun kafin a haifi Hanan, amma ran nan ganga tana shigowa ya gane ta.

Wani irin sanyi ya ratsa ni, har na fara murmushi. Da wuri na yi murmushin.

"Wa ya taɓa jerin?"

Na ce ni ne. Kuma don Allah ku ji ƙarfin hali, sai na shiga yi masa bayani: wai mai haukan ta yi saurin zuwa, wai faifan yana bukatar ya numfasa, wai na ƙara waƙoƙi don labarin ya cika. Ya bar ni na gama tsaf.

"Ya waladi, ihun da ka yi mana na yafe, kuskure ne. Usman da yana nan shi zai fi kowa dariya. Amma mutum ya tarar da abu a tsare, masu shi sun gama sun tafi, ya ce shi sai ya gyara? Gobe in na ba ka 'yata, ita ma sake mata jeri za ka yi? Ka cire nan, ka ƙara can?"

Na rantse ba zan yi ba. Na rantse da duk abin da na sani.

"To mayar da shi yadda yake. Yanzu, a gabana."

Na zauna a dardumar nan ina rushe aikin da na fi alfahari da shi a rayuwata. Duk wadda na ɗauko sai ya ce "gaba" ko "baya", kuma bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Ƙarin da na yi duk ya sa na share. Da na zo kan shirun, na ce, "Wannan ma bari in goge, shi ya jawo komai."

Ya ce, "Mene ne shi?"

Na gaya masa, ina jin kunya, cewa lokacin canza faifai ne.

Ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, "Rage shi, ka sa shi a tsakiya, inda ake juya faifan. Usman ne ke juya mana. Ni bai taɓa bari na taɓa ba, wai hannuna rawa yake, zan karce masa."

Muka saurara tun daga farko, ni da shi. Da gefen farko ya ƙare, shirun ya shigo, sai na ga ya juya kai wajen ƙofa kamar mai jiran wani ya taso. Hawaye suka gangaro cikin gemun nan. Mutumin da Mansur ya ce ko a maƙabarta bai yi kuka ba. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona, na mayar da shi kan darduma.

Da kiɗa ya dawo ya share fuska da hannun riga, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ka sa mini shi a wayata, kada hajiya ta sani. Kuma ka turo manyanka."

Yau muna da 'ya'ya ni da Hanan, amma a Hindawiyya har gobe sunana Abu Sowa, yara ma da ba a haifa ba a lokacin haka suke kirana. Darasin da na koya kuwa, in zan shiga taro ba na yarda da shirun waya, kashe ta nake ɗungurungum. Iyayin ma na rage. Ran nan na tsaya a kicin ina duban yadda Hanan ta jera kwalaben yaji, na ce da za a dawo da barkono gaba da ya fi tsari. Ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "In kira Baba?" Na mayar da barkonon inda na same shi.