Akwati Mai Kai Ƙara

Har gobe ba zan manta da ranar da na mayar da akwatin maganin Baba abin wasa ba. Laifina ne ni kaɗai, ba zan shafa wa shaiɗan ba.

Baba, Malam Idi, mai tsire ne a unguwar Awendjé, a wata ƙasa mai amfani da Faransanci. Da aka gano yana da tarin fuka, ya hana mu faɗa wa kowa, don wa zai sayi nama a hannun mai tari? Wata ƙungiyar agaji daga ƙasashen waje ta ba shi akwatin ƙwayoyi na zamani. Lokacin shan magani na yi, sai ya yi ƙara ya kunna koriyar fitila, ba sai Baba ya riƙa jelen asibiti kullum ana ganinsa ba. Abin da ban sani ba, duk lokacin da aka buɗe shi sai ya aika saƙo wayar ma'aikatan ƙungiyar. Munafukin akwati!

Wata Asabar Baba ya tafi sayo nama, na ɗauko shi na tara yaran gidan hayarmu. Na ce musu ƙirar Japan ne, fuskata kaɗai yake ganewa. Na buɗe, fitila ta kama, suka yi ihu. Na rufe, na buɗe, na rufe, na buɗe (wallahi sai da murfin ya yi zafi).

Kafin la'asar sai ga motar ƙungiyar a ƙofar gida, da ƙaton hoton huhu a jikinta. Nas ta faɗo tsakar gida tana haki, tana tambaya da Faransanci: "Ina Malam Idi? Ƙwaya nawa ya haɗiye?"

Maƙwabta duk suka fito. Inna ta dube ni, ta dubi abin da nake ɓoyewa a bayana.

"Kai, ɗan nan, me ka taɓa?"

"Inna, goge shi kawai nake yi."

Daidai nan shegen ya yi ƙara.

Baba ya dawo da nama a kafaɗa, ya ga motar, ya ga jama'a suna ja da baya suna rufe hanci. Na shirya shan duka, har na fara kuka tun da wuri. Bai taɓa ni ba. Cewa kawai ya yi, "Ka gama wasan?"

Yanzu ko fitilar firji ce, ina buɗe ta da ladabi.

Baba ya shanye maganinsa, ya warke sarai. Amma masu sayen tsire ba su dawo ba. Ya sayar da tukubar, yanzu gadi yake yi a wani shago a unguwar Okala.