Yadda Za Ki Tsira da Aikinki Bayan Yara Sun Rusa Miki Rawa

Ke sabuwar malama, watanninki uku na gwaji sun kusa cika, kuma an ɗora miki shirya rawar 'yan aji biyu ranar taron iyaye. Kwantar da hankalinki. Ki bi matakan nan biyar, tabbas za a riƙe ki.

1. Ki koya musu da gaske

Mako shida kina tafi kina ƙirgawa: taku biyu dama, taku biyu hagu, a juya. Ki zana wa kowa wurin tsayuwarsa da alli. Duk wannan don Hajiya mai makaranta ne, wadda ke leƙowa ta taga. Yaran kam sun riga sun goge allin da ƙafa.

2. Ki san masu iko

Kada ki damu da iyaye. Kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar ɗansa shi kaɗai. Masu iko su ne ƙannen da aka zaunar a tabarma can gaba, da biskit a hannu. Abin da suka yi wa dariya, shi ne rawa. Ba a koyar da wannan a jami'a.

3. Idan ɗaya ta faɗi, kada ki motsa

Za ta faɗi, daidai wurin juyi, don igiyar takalminta a kwance take. 'Yan tabarma za su fashe da dariya. 'Yan rawarki su kalli juna, su gane. Kafin ki ƙifta ido, su sha takwas suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, wani ma ya tashi ya sake.

"Anti, kin ga tawa? Na fi shi iyawa!"

Ki gyaɗa kai a hankali, kamar dama wannan kike jira.

4. Ki bar mai hawa ya hau

Wani ɗan shekara biyu zai rarrafo kan dandamali ya kwanta a tsakiyarsu. Kada ki ɗauke shi. Jikan Hajiya ne. Ki fara tafi, zauren zai biyo ki.

5. Ki taƙaita magana

Hajiya za ta ja ki gefe. "Malama, wannan zubewar, ke kika tsara ta?"

Ki sunkuyar da kai. "Ranki ya daɗe, yaran ne suka yi ƙoƙari." Ba ki yi ƙarya ba.

"Kai, karatu da daɗi! Kin zauna ke nan. Ranar Alhamis masu duba makarantu za su zo. Ki maimaita mana ita sak, har da wurin jikana."

Sanarwa

Ranar Alhamis babu tabarma, babu biskit. Dattawa uku ne da fayil a cinya, kuma ba a taɓa jin dariyarsu ba. Duk abin da ya faru, tsakaninki ne da yara sha takwas da jikan Hajiya. Idan muka haɗu a hanya, kada ki gaishe ni.