Motsin da Na Ji a Ɗakin Rabi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran abubuwan da na sani, da wata azahar a gidanmu na bayan kasuwar Filinge, cikin shekarun farin nan da shanu suka ƙare a ƙasarmu ta Kurfai. Ni tela ne. Na fara taka keke lokacin da aka samu 'yancin kai, ana ta ɗinkin tuta da kayan 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, kuma karatuna bai yi nisa ba. Zan faɗi abin yadda ya faru.

Matata Rabi, Allah ya jiƙanta, tana ɗauke da ciki na biyu a lokacin. Na farko bai zo da rai ba. Ya daina motsi ana gab da haihuwa, manya suka ce ai haka yaro yake yi, hutawa yake kafin ya fito. Muka jira. Iyakar abin da zan iya faɗa a kan wannan ke nan.

Saboda haka da na biyun ya samu, na kai ta likita, wato asibiti, da kaina, abin da maza ba su cika yi ba a wancan zamanin. Akwai wata unguwarzoma a ɗakin haihuwa, doguwa mai faɗa, kowa Madam yake ce mata. Ta sa aka kira ni ciki, ta yi mana bayani mu biyu. Ta ce daga wajen wata na biyar mace take fara jin motsi, in ciki ya kai wata bakwai kuwa ya kamata ta san halin ɗanta, yaushe yake tashi, yaushe yake lafawa, kamar yadda ake sanin halin maƙwabci. Ta ce kullum in Rabi ta ci abinci, ta kwanta ta gefen hagu, ta yi shiru, ta saurara. Sannan ta nuna ni da yatsa.

"Kai kuma ka ji da kyau. Yaro ba ya daina motsi don haihuwa ta kusa. In motsin ya ragu, ko ya sake ba yadda ta saba ba, ku zo mini ran nan. Ban ce gobe ba."

Na riƙe maganar nan fiye da yadda na riƙe karatun allo. Kullum in an yi azahar sai in rufe keke in dawo gida. Rabi ta sha 'yar hurarta ta dawa, ta kwanta ta hagu tana fuskantar bango, ni kuma in durƙusa a bayanta in ɗora hannu a gefen cikin. Baƙo nake ce masa. "Baƙo, ka tashi lafiya? Gaida mai gida mana." Sai ya harbo ni. Rabi ta ce wallahi ya fi son muryata da tata. (Ni da na san ko kiran salla aka ba ni sai mutane sun yi ƙorafi, amma na yarda.) Gari babu ruwa, babu gero, jar dawar taimako ake ci wadda take murɗa wa kowa ciki, amma a wannan ɗan lokacin na azahar ba na jin akwai wanda ya fi ni wadata a Filinge.

Bisa al'ada ya kamata Rabi ta tafi garinsu Tabla ta haihu a gaban iyayenta. Madam ta hana, ta ce ta zauna kusa. Sai uwarta ta zo mana.

Wanda bai zauna gida ɗaya da surukarsa ba, ba zai gane ba. Inna mace ce mai jiki, mai 'yar magana kaɗan, fari bai rage ta da komai ba. In zan gaishe ta sai na tuɓe takalmi tun daga zaure, in durƙusa, ido a ƙasa. Ba na cin abinci inda za ta gan ni. Ko tari ya taso mini sai in kai shi waje. Ga shi kuma Rabi ce ɗiyarta ta fari, don haka tsakaninsu ma kunya ce: Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, "waccan" take cewa, ko "yarinyar nan". Maganar ciki kuwa ba mai yin ta. Mu uku muna zagaye da abu ɗaya a tsakar gida, kowa yana yi kamar bai gan shi ba.

Gaisuwar azahar ta mutu. Ina zan shiga ɗakin matata da rana tsaka, uwarta tana zaune a ƙarƙashin rumfa tana kaɗi? Sai dai in Rabi ta kawo mini ruwa in ɗaga mata gira, ita kuma ta gyaɗa kai. Da haka muke gane juna.

Ran nan da safe na ɗaga gira, ba ta gyaɗa ba. Ta sunkuya kamar tana gyara mazaunin kwanon, ta ce a hankali, "Tun jiya da la'asar ban ji shi sosai ba."

Na ce, "Tashi mu tahi."

"A gaban Inna? In ce mata mi? Bari azahar, in ta yi barci sai mu sulale."

Na bi maganarta, kuma bai kamata ba. Na je kasuwa na zauna a kan keke, na ɗinke wa wani bawan Allah ƙafar wando ruf, har sai da ya tambaye ni ko ta ina zai sa ƙafa. Ana kiran salla na yi ta a gurguje na nufo gida.

Rumfa babu kowa. Na ce alhamdulillahi, tsohuwa ta shiga ɗakinta. Na tuɓe takalmi na sanɗa zuwa ɗakin Rabi. Wanda ya fito daga hasken ranar Filinge ya shiga ɗakin ƙasa ya san ba a ganin komai sai inuwa. Na dai hangi mutum kwance a kan gado, ta gefen hagu, fuska ga bango, lulluɓe da shuɗin zanen da ni da kaina na yi wa kalmasa. Me kuma zan tambaya?

Na durƙusa. Na ɗora hannu. Na yi ƙasa da murya.

"Baƙo. Baƙona. Ni ne. Tun jiya uwarka ba ta ji ka ba. Don Allah kada ka yi mana irin ta yayanka. Ko sau guda, ka motsa. In kunyar kakarka kake ji, ta yi barci, ba ta jin mu. Ni ma tsoronta nake, amma ka ga ai ina motsi."

Shiru. Hawaye suka zubo mini, ban hana su ba. Can sai na ji wani abu ya juya a ƙarƙashin tafina, da ƙarfi, har da ƙugi.

Na ɗaga murya, na manta da kowa. "Ya motsa! Rabi, wallahi ya motsa!"

Daga bakin ƙofa, a bayana, na ji muryar Rabi. "Da wa kake magana?"

Na waiga. Ga ta tsaye da cikinta, da mayafi a kai, ta dawo daga gidan maƙwabta inda ta je roƙon a raka mu. Na dubi Rabi. Na dubi hannuna. (Har yau ban san abin da ya hana ni ɗauke shi nan take ba. Ina jin jikina ne ya ƙi karɓar labarin.) Zanen ya yaye a hankali. Ashe zafin ɗakinta na kwano ne ya koro Inna zuwa nan, ta ja zanen ɗiyarta saboda ƙuda.

Ba ta ko juyo ba ta ce, "Malam, wanga ciki ya daɗe da gama aikinai. Jar dawa ce ka ji."

Na ja da baya da gwiwoyi, na miƙe, ƙofa ta buge mini kai. A raina na riga na tsara komai: in bar keken, in bi motar Baleyara, daga can in wuce inda ba a san ni ba, in sake suna. Na kai tsakar gida ke nan sai na ji ta ce, "Tsaya."

Na tsaya, na ba ta baya.

"Mi ka ce ma cikina? Tun yaushe ba a ji shi ba?"

Na ce wa ƙasa, "Tun jiya, Inna."

Sai ta tashi zaune, ta dubi ɗiyarta ido cikin ido, ta yi abin da ban taɓa ji ba, ita ma Rabi ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta. Ta kira sunanta.

"Rabi! Tun jiya, kina kallona kina shiru? Na binne jika guda, kina so in binne na biyu don kunya? Wuce mu tahi. Kai kuma, likita, ɗauko mata tabarma."

Haka muka ratsa kasuwa da rana tsaka: Inna a gaba tana riƙe da hannun Rabi, ni a baya da tabarma, babu takalmi, ƙasa tana gasa mini ƙafa, ga ƙulu a goshi. Ban ji zafin ko ɗaya ba sai daga baya.

Madam ta fara da faɗa, kamar yadda na zata. Sannan ta kwantar da Rabi, ta ɗora wani ɗan ƙaho kamar mazurari a kan cikin, ta kafa kunne. Ni ina waje, ina leƙe ta taga. Ta daɗe. Ta matsa da ƙahon, ta sake saurare. Daga ƙarshe ta ɗago ta ce zuciya tana bugawa, amma ta gaji, ba za ta bar Rabi ta koma gida ba. Ta yi abin da za ta yi, naƙuda ta tashi, washegari aka haifi 'ya mace, 'yar ƙarama, cibiya naɗe a wuyanta. Ta yi jinkirin kuka, sannan ta yi. Madam ta ce da mun ƙara kwana, da wani labarin ake yi.

Baƙo dai ya zama baƙuwa. Na sa mata sunan Inna, don ban ga wanda ya fi cancanta ba, wanda hakan ya sa ita ma ba na iya kiran sunanta. Yau yarinyar tana da jikoki.

Labari kuwa bai tsaya a gida ba. Ranar suna, ina wucewa ta gaban mata, wata tsohuwa ta dafa cikinta ta ce, "Malam tela, in ka gama da baƙi zo ka duba mini nawa, tun bara bai motsa ba." Gida ya ɗauki guɗa. Inna ba ta yi dariya ba, ba ta kuma sake tada maganar ba har ta bar duniya. Sai dai duk ranar da abinci ya ɓata mata ciki, takan ce wa Rabi, yadda zan ji daga zaure, "A kira mini likitana."

Rabi ce ba ta taɓa gajiya da labarin ba. A ciwonta na ƙarshe, lokacin da magana ta fara yi mata wuya, na ɗora hannu a kafaɗarta ina mata sannu, sai ta buɗe ido ta ce, "Ka dai duba fuskar tukuna?" Muka yi dariya, ni da ita, har ta yi tari.

Abin da na koya bai da yawa. In yaro ya yi shiru a ciki, manya su daina nasu shirun, ko a gaban wa, a tafi likita ran nan. Kunyar da na sha ta wuce, yarinyar kuma ta zauna. Sai dai ina ba kowane magidanci shawara: komai gaggawarka, in ka shiga ɗaki daga rana, ka yi sallama, ka jira a amsa, ka tabbatar da muryar.