Minti Biyar da Irin Albasar Kawu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kai fasahata Garou ba, ko da zan so in manta mutanen garin ba za su bari ba.

Na dawo Malanville daga karatun kwamfuta kaina na hayaƙi. Kawu Idi, ƙanen innata wanda ya raine ni, manomin albasa ne a ƙauyen Garou, a bakin kogi. Na ce masa ya daina tashi kunna injin ban ruwa, zan haɗa ɗan akwati mai manhaja da zai kunna ya kashe da kansa. Ya ce, "Ɗana, irin nan da ka gani shi ne shekarata duka." Na ce ya kwantar da hankalinsa, ni fa injiniya ne.

Ga yadda abin yake. Manhajar kashi biyu ce: babbar manhaja, da laburare, wato kundin ƙananan ayyuka da take aro daga ciki. Mai ɗinke su wuri guda shi muke kira linka. A cikin laburaren akwai aikin kashe inji, kuma in lokacin kashewa ya yi, babbar manhaja tana miƙa adireshin aikin ne. Ni da wayona na sa laburaren ya duba tukuna: in adireshin bai yi daidai da wanda ya sani ba, ya yi watsi da umarnin.

Ana jibi za mu tafi Garou da akwatin, sai iyayi ya motsa mini. Na sa wa aikin kashewar alamar kariya, wai don laburare ya riƙa kiran kayansa kai tsaye, a samu sauri. (Saurin me, don Allah? Inji ne da ake kashewa sau biyu a wuni.) Na sake haɗa babbar manhajar ta tsohuwar hanya. Sai gargaɗi ya fito a allo, cewa adireshin aikin na iya rabuwa biyu. Rakiya, abokiyar aikina, ta leƙo ta ce, "Kai, karanta wannan mana." Na ce, "Gargaɗi ne kawai, ai ya haɗu." Ban sake gwada kashewa ba.

Abin da ban tsaya na fahimta ba shi ne, linka ya ba babbar manhaja adireshin wata 'yar ƙofa da ake bi a kai ga aikin, shi kuma laburare, saboda kariyar da na sa, adireshin ainihi kaɗai ya sani. Kamar ɗan kasuwa ne da wasu suka san rumfarsa, wasu suka san gidansa.

Ranar gwajin, manoma kusan ashirin suka taru. Don burga na rufe ɗakin injin da ƙofar ƙarfe, na sanar da kowa cewa makullin na Malanville, hannu ya gama aiki. Na latsa waya, inji ya tashi, ruwa ya shiga fangalin irin. Aka yi ta "Masha Allah."

Fangali ya cika. Inji bai tsaya ba.

Na latsa kashewa. Shiru. Laburare ya ga adireshi baƙo, ya yi abin da na koya masa. Ruwa ya haura kunya. Wani maƙwabcin Kawu ya ɗauko gatari ya ce, "Bari mu ɓalle ƙohwar nan!" Nan ne fa na tafka abin da har yau yake ci mini rai. Na tare ƙofar da jikina na ce, "Ku ba ni minti biyar!" Na faɗa sau uku, wallahi, ina zufa ina danne-danne, don kada a ce aikina ya gaza.

Kawu ne ya janye ni da hannu ɗaya ya ce, "Ku ɓalle ta." Kafin ƙofar ta ba da kai, irin ya tuge yana yawo a kan ruwa. Kawu ya shiga taɓo har gwiwa yana tsinta da tafin hannu. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Da munka tambaye ka, ka ce ka gwada."

Gyaran, da na koma, layi ɗaya ne. Rakiya ta goge alamar kariyar ba ta ko kalle ni ba.

Shekarar nan Kawu bai dasa albasa ba, lokacin sabon iri ya wuce. Na gan shi da idona a kasuwar Malanville yana ɗinke bakin buhunan albasar wasu, mutum mai furfura, na canza hanya don kunya.

Yanzu kowane gargaɗi sai na karanta shi sau biyu, har na jikin kwalin magani. A Garou kuwa ba wanda ya san wani injiniya, Minti Biyar suke kirana. Kawu kaɗai ke ce mini "ɗana" har gobe, kuma nasa ya fi zafi.