Ranar da Aka Wanke Mini Allo a Maska

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na je Maska na yi lacca. Ga ni yau furfura ta cika mini kai, amma in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin ne. Ina koyar da lissafi a wata sakandare a Funtua, ina kuma haɗa digiri na biyu a jami'a. Bincikena a kan yadda ake ɓoye saƙo da lambobi ne, ta yadda ko ya faɗa hannun wani ba zai iya karantawa ba. A lokacin an fito da wata sabuwar dabara da aka ce ita za ta riƙa tsare bayanan da ke cikin kwamfuta, ni kuwa na kamu da sonta kamar budurwa. (Ita kwamfutar ta bayan gilashi kawai na taɓa hango ta, ko ɗakin ba a bar ni na shiga ba.)

Matsalata ita ce ba ni da wanda zan yi wa zancen. Malamin da ke duba aikina, wani Ba'indiye, kwantiraginsa ya ƙare ya koma ƙasarsu, ba a kuma ba ni wani ba. Ni mutumin Matazu ne, ba ni da kowa a Funtua, ban yi aure ba. Ɗaki na kama a bayan kasuwa, daga ni sai katifa da risho da wani baƙin allo da kafinta ya yi mini. A ɗakin malamai, da zarar na ce akwai wani abin mamaki game da lambobi, sai kowa ya tuna yana da aji. Maƙwabcina Mista Okoro, mai sayar da kayan keke, ya taɓa saurarona har ƙarshe, ashe jira yake in gama ya ari ashana. Har ta kai in na dawo daga makaranta nakan tsaya gaban allon nan in yi ta bayani da ƙarfi, in yi wa kaina tambaya, in amsa, in ma yaba wa mai tambayar.

Wata rana ina aski wurin Sale wanzami, sai ya tambaye ni me nake yi a ɗaki ni kaɗai da ake jin muryata. Na lalubi sunan abin da Hausa na rasa, sai na ce masa ilimin rubutun asiri nake nazari. Don in burge shi na ƙara da cewa kulle ne ake yi da lambobi, wanda ko ɓarayin duniya za su taru ba za su iya buɗewa ba. Sale ya ɗaga askarsa daga kaina, ya daɗe yana kallona, ya ce ikon Allah. Ranar na koma gida ina jin daɗi, na samu wanda ya fahimce ni.

Daga nan abubuwa suka canza. Mutanen da da ko kallo ban ishe su ba suka fara russunawa suna gaishe ni. Wata tsohuwa ta aiko mini da zabuwa. Na ce a raina, ai dama na san wata rana Funtua za ta gane darajar lissafi. (Ka ji mutumin da ke binciken gano ɓoyayyar ma'ana.)

Ana haka sai ga Alhaji Garba, wani babban manomin auduga daga Maska, ya yi sallama a ƙofata. Dattijo ne mai natsuwa. Ya ce ɓarayi sun sha fasa masa sito, an kuwa gaya masa ina da ilimin kulle, yana roƙon in zo Maska. Na ce abin yana buƙatar dogon bayani, kuma sai da allo. Ya ce in taho da allona. Na tambaye shi ko za a samu masu sauraro, ya ce zai tara 'yan'uwa da maƙwabta, don duk matsalarsu ɗaya.

Satin nan ban yi wani abin kirki a aji ba. Na yi ta shirya lacca, na kai rigata wurin mai guga, ranar Asabar na ɗaure allon a bayan babur da robar da Mista Okoro ya ara mini, na kama hanya.

Na tarar da zauren Alhaji a cike, har wasu na leƙe ta ƙofa. Ga manoma, ga 'yan kasuwa, ga limamin unguwa an shimfiɗa masa buzu a gefe. Na jingina allon da bango, na zana gidaje-gidaje, na cika su da haruffa da lambobi. Na ji wani a baya ya ce wa na kusa da shi, "Hatimi ne," wato zanen nan da malamai ke yi a laya. Na ji sarai, amma hankalina yana kan alli.

Na yi musu bayanin lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya. Na nuna yadda ake ninka biyu manya daga cikinsu su zama kwaɗo, kowa yana iya kullewa amma mai shi kaɗai ke buɗewa. Ba wanda ya yi hamma, ba wanda ya tuna yana da wani aiki. Duk inda na tsaya jan numfashi sai su ce amin, ni kuwa na ɗauka hanyarsu ce ta cewa sun gane. Tunda malamina ya tafi, ba a taɓa zama an ji ni haka ba.

Da na gama na karkaɗe hannu, na ce ko akwai mai tambaya. Alhaji Garba ya gyara zama cikin ladabi.

"Malam, sha za a yi, ko a ƙofar sito za a yayyafa?"

Ban gane ba. Ina cikin ƙoƙarin ganewa ƙaninsa ya taso da buta da wata babbar tasa, ya yi bisimilla, ya karkata allon ya fara zuba ruwa. Ina tsaye ina kallon lambobina suna gangarawa cikin tasa, fari fat kamar kunun gyaɗa. Mutane suka fara fito da kwalabe daga aljihu.

Abin da ya fi ba ni kunya har yau, a cikin 'yan daƙiƙun nan sai da wata zuciya ta ce mini in yi shiru. Alli ba ya kisa, kuma in na yi shiru za a sake kirana, a sake zama a saurare ni.

Liman ne ya katse mini tunani. Ya ce, a hankali, "Malam, wace aya ce a ciki? Na duba ban gane ko ɗaya ba."

"Gafarta Malam, ba aya ba ce," na ce. "Lissafi ne."

Na shiga kame-kame, ina cewa kullen na saƙon kwamfuta ne, ba na ƙofa ba. Aka tambaye ni mece ce kwamfuta, na fara wannan bayanin ma na sarƙe. Alhaji ya ce to shi siton nasa fa. Sai na ji bakina ya ce ya nemi kwaɗo mai ƙarfi, ya kuma ɗauki mai gadi. Wani ya ƙyalƙyale da dariya a baya, aka tsawatar masa, sai dariyar ta koma waje, ina jin ta tana yin nisa.

Alhaji Garba mutumin kirki ne. Shi ma kunyar ta kama shi, tunda shi ya tara jama'a. Ya sa aka kawo mini tuwo da miyar kuka da nama, ya ce baƙo baƙo ne. Kowa ya watse. Na zauna ni kaɗai a zauren ina tura tuwo, tasar nan tana gabana an rasa mai zubarwa.

Ranar Litinin shugaban makaranta ya kira ni ofis, fuska a murtuke, wai an kawo masa ƙara ina tsibbu da allin gwamnati, kuma aikina na iya tafiya a kan haka. Da na ba shi labari ya yi dariya har da hawaye. Na ga ya sake, sai na ce bari in nuna masa yadda dabarar take, ya ce a'a, yana da taro. Gaisuwar russunawa ta tsaya, ɗalibai kuma suka raɗa mini Malam Sha-ko-yayyafi, sunan da ya bi ni har na bar Funtua.

Digirin dai na gama shi daga baya, na kuma yi shekaru ina koyar da wannan fanni. Amma tun daga ranar, in na ga aji ya yi shiru kowa ya zuba mini ido, ba na saurin jin daɗi. Nakan ajiye alli in tambayi na gaba me ya ji na ce, sannan in leƙa ƙarƙashin kujeru ko wani ya zo da kwalba.