Awakin Inna Rabi da Jan Bokiti

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗaure ordinatar, wato kwamfuta, a bayan babur, na tafi Gangara takanas don in kama tsohuwa da laifin musanya awaki.

Lokacin watana huɗu da fara aiki a buro, wato ofishin kula da dabbobi, kuma ji nake duk yankin Gazawa babu wanda ya san akuya kamata (ni da ban taɓa tatsar ko guda ba). An ɗora ni a kan wata ƙungiyar mata masu habbanaye. Tsarin ba wuya: a ba mace jajayen awaki biyu, irin na Maradi tsantsa. In sun haihu sun yaye, ta riƙe ƴaƴan, ta miƙa iyayen ga mai bi mata. Wadda ta sayar ko ta musanya kuwa, a cire ta, a kwashe har ƴaƴan.

Da lokacin miƙawar Inna Rabi ya zo, wata dattijuwa mai riƙon jikoki uku, sai matan suka ɗauki bidiyon awakinta da waya, ɗan kabu-kabu ya kawo mini a kati. Na sa a ordinatar. Me zan gani? Wasu awaki masu launin toka, ko alamar ja babu. Rani ne, babu ɗanyen ganye ko ɗaya a hoton da zai sa in yi shakka. Nan take na ce a raina, wato sun ga baƙo, sun ɗauka ban san launin akuya ba. Na zauna na rubuta rahoton korarta, shafi biyu, da Faransanci mai nauyi. Har sau uku na karanta shi ina jin daɗin kaina.

Na isa da hantsi, na tarar an kora awakin gari kiwo, ba za su dawo ba sai bayan la'asar. Maigari ya ce in jira. Na ce ba ni da lokacin jira, ai shaida tana hannuna. Aka taru a inuwar bishiyar bedi, wato darbejiya, mata sun fi ashirin, na kunna musu bidiyon.

Matan suka ce wallahi awakin jajaye ne. Ni kuma, don Allah ya so ya kunyata ni da kyau, na ce kun haɗa baki ne, kuna rufa mata asiri. Inna Rabi ta san madarar jikokinta ce za a ɗauke, kuma sunan ɓarauniya zai bi ta har kasuwa.

Sai ta matso, ta tsura wa gilashin ordinatar ɗin ido, ta ce, "Ɗana, maido shi baya kaɗan. Wancan bokitin da ke bayan akuya, mi ne ne launinshi?"

Na ce, "Toka-toka ne, Inna."

Ta shiga gida, ta fito da bokitin, ta dire shi a gabana. Ja ne jawur. Har tsagewar bakinsa da aka ɗinke da zare tana nan, daidai yadda take a bidiyon.

Madam Zuwaira, malamar lakol, wato makarantar boko, da ke riƙe wa ƙungiyar takardu, ta ce in ba ta ordinatar ɗin. Ta shiga wajen gyaran hoto na abin kunna bidiyon, ta samu an ja maɓallin launi har kusan ƙarshe. Ta ce, "Malam, wa ya taɓa wannan?"

A nan na tuna. Lokacin da nake kallon gasar kokowa a ordinatar ɗin na ga hoton ya cika ja, yana sa mini ciwon ido, na rage shi da hannuna, ban sake waiwayarsa ba. Madam ta danna wuri guda, komai ya koma yadda yake. Sai ga awakin Inna a gilashi, jajaye, fatarsu har tana sheƙi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige da babur ɗina duka.

Matan suka fara guna-guni, kuma da gaskiyarsu. Wata ta ce a kai ƙarata buro. Sabon ma'aikaci ne ni, magana ɗaya ta isa ta mayar da ni gida. Inna Rabi ta ɗaga hannu ta ce, "Ku bar shi. Ƙarfen nasara ne ya yi mishi ƙarya, yaron amanar da aka ba shi yake tsarewa."

Ta ji tambayar Madam, ta kuma ga fuskata, ta san sarai ba ƙarfe ba ne. Wannan rufin asiri ya fi zagi shiga jikina. Na durƙusa na ce, "Inna, hannuna ne ya ɓata shi, ki yafe mini." Na yaga rahoton a gaban kowa, na ba matan haƙuri.

Hukuncin da ta yanke mini shi ne in zauna har awaki su dawo. Ta dama mini fura da madararsu (a cikin ƙwarya, alhamdu lillahi, ba a bokitin ba). Bayan la'asar suka shigo, ta kama kunnen babbar ta kawo mini, ta ce, "To ɗana, duba da kyau, ko ita ma a danna mata wani abu?"

Ina nan a wannan aiki har yau, kuma albarkacin Inna Rabi ne. Duk sallah sai na kai mata goro. Abin da na koya shi ne, kafin in ɗora wa mutum laifi da shaidar gilashi, sai na fara tambaya ko akwai bokiti a gidansa.